Hannayen 'Yar Baba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta iso, muna saurare.

To ku gyara zama. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma waɗanda abin ya faru da su, da yawansu suna nan da ransu.

'Yar Baba tana tsugune cikin jirgin ruwan Namadi tana ɗaure bakin buhun kalwarta lokacin da ƙarar farko ta tashi. Ta ɗauka tayar mota ce ta fashe a kan hanya. Sai ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo, daga nan suka haɗe kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin kwano. Matan da ke wanki a mashaya suka zubar da kaya suka faɗa cikin shinkafa. Wata ta bar takalminta ƙafa ɗaya yana yawo a kan ruwa.

Ranar kasuwar wata tunga ce can gefen iyakar Benin, inda wayar mutum kan rikice ta kama layin wancan ƙetaren. Duk mako 'Yar Baba takan je can sayen kalwa, don ita ce mai daddawar da rabin Bagudo ke miya da ita. Saboda ciwon gwiwa takan riga kowa saukowa mashaya ta kama wurin zama, shi ya sa hantsin nan daga ita sai Namadi mai jirgi, da buhunta biyu, da jarkar man inji.

Namadi ya riga ya naɗe igiyar inji a hannu zai ja. Ita kuwa ta ɗaga kai sama da bakin jirgi, ta hangi gangaren da ke bisa mashaya. Motar soja na tsaye a karkace kusa da kwalbati, hayaƙi na fita ta gabanta. Sojoji sun kwanta bayan wani babban suri suna mayar da wuta wajen kurmi, inda mutanen dajin nan suka laɓe, waɗanda a yankinmu ba a cika son kiran sunansu ba. Tsakanin motar da surin fili ne fetal, ko ciyawar kirki babu. A filin nan mutum uku ke kwance.

Sai ga wani ya fito daga bayan surin a duƙe, ba bindiga a hannunsa, jaka ce kawai a bayansa. Ko fuskarsa ba ta gani ba ta gane shi, don kafaɗarsa ta hagu takan ɗan zube in yana gudu, tun faɗowar da ya yi daga mangwaron bayan masallaci yana ɗan shekara tara.

Ta riƙe ƙafar wandon Namadi. Ta ce, “Kak ka tada injin ga. Ɗan Mariya na.”

Mariya maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su shekara arba'in. Bunyaminu ɗanta ne, kofur a soja, aikinsa ɗaure rauni da ɗauko wanda aka harba. Ya daɗe a gabas, sai bara aka dawo da shi gida saboda yana jin yaren Dendi, ya kuma san hanyoyin fadama. Tun dawowarsa unguwa ta huta da zuwa kemis. Shi ke auna wa tsofaffi jini, shi ke cire ƙaya, shi ke yi wa 'Yar Baba faɗa kan gishiri. Amarya yake ce mata, ita kuma tana ce masa miji ba cefane.

Tana kallo ya kama na farko ta wuyan riga ya ja shi har bayan surin. Ya sake fitowa ya ja na biyu, ƙasa na tashi gabansa da bayansa kamar ana yayyafa ruwa a toka. Na ukun shi ne mafi nisa. Ya kai gare shi, ya durƙusa, sai ta ga ya kife a kansa. Ta ƙirga numfashinta har bakwai bai motsa ba. Bakinta na ta salati, ba ta ma san tana yi ba. Can ya yunƙura, ya saɓa mutumin a kafaɗa. Komawa surin ba ta yiwuwa, wuta ta yi yawa ta can, sai ya juyo ya gangaro mashaya yana tangaɗi, ƙafafun wanda ya ɗauko na reto.

Namadi ya shiga ruwa har gwiwa ya taimaka suka shimfiɗe shi a tsakiyar jirgi. Saurayi ne siriri, gashin bakinsa bai gama fitowa ba, wandonsa ya jiƙe sharkaf da jini. Bunyaminu ya faɗo ciki, ya ɗago kai, suka haɗa ido da ita.

Ya ce, “Amarya, mi kike yi nan? Ban ce ki bar yawon kasuwa ba?”

Ta ce, “In zamna in ci mi? Kai ka ba ni?”

Ya ciro oba-oba, rediyon hannu na soja, ya yi magana da shugabansu da ke bayan suri. Abin da ta tsinta a ciki shi ne, biyun farko ya ɗaure su za su iya jira, wannan kuwa ba zai iya ba, hanyar mota ta toshe, a sa motar asibiti ta tare su a gadar Tuga. Aka ce masa ya tafi. Namadi ya ja igiya sau uku kafin inji ya kama, suka bar mashaya ruwa na tsalle a gefensu inda harsashi ke sauka.

Bunyaminu ya sa almakashi ya farke wandon saurayin tun daga gwiwa har ƙugu. 'Yar Baba ta kawar da kai ta ja mayafi. Mijinta ya rasu shekara goma sha ɗaya, kuma ko da yana raye ba ta taɓa ganin tsiraicin wani namiji baligi ba. Ta ji yana cewa raunin ya yi sama da yawa, can inda cinya ta haɗu da mara, ɗaurin tsayar da jini da suke murɗawa da guntun sanda ba shi da wurin kamawa. Ya yi ta cusa farin ƙyalle cikin ramin da yatsa, saurayin na ihu yana dukan katakon jirgi da diddige. Sannan ya kamo hannayenta biyu.

Ta janye. Ta ce ita ba za ta iya ba, namiji ne, baƙo ne, kuma wurin ba wurin taɓawa ba ne.

Ya ce, “Inna.”

Rabon da ya kira ta Inna tun yana zuwa makarantar allo. Ta bar masa hannun. Ya dunƙule na dama ya dasa shi kan ƙyallen, ya ɗora na hagu a kai, ya sa ta miƙe gwiwar hannu ta zuba nauyinta gaba ɗaya, kamar mai murje dafaffiyar kalwa. Ta ji wani abu na bugawa ƙarƙashin yatsunta, ɗumi na ratsowa, sannan ɗumin ya ragu.

Ya gaya mata abu uku, a hankali, yana kallon idonta. Kada ta ɗaga hannu, ko na ƙiftawar ido, sai likita ya ɗora nasa a kan nata. Kada ta ba shi ruwa komai roƙon da zai yi, don wanda za a yi wa aiki ba a ba shi ruwa. Kuma kada ta bari ya yi barci. Daga nan ya sa masa ƙarin ruwa a hannu, ya rataye ledar a kan sandar tuƙi da ya cake tsakanin buhuna, ya ɗauki biro ya rubuta lokaci a goshinsa. Ya tambaye shi sunansa ko da yake ya sani, don ya ji ko hankalinsa na nan. Saurayin ya ce Albashir. Mutumin Gombe ne, watansa biyu da zuwa.

Ƙarshen damina ne, kogin Kwara ya cika ya batse, ruwan ja wur da laka. Daga nan zuwa Tuga tafiyar awa ɗaya da rabi ce in inji bai yi gardama ba. Ba su yi nisa ba Namadi ya rage wuta ya kasa kunne. Ita ma ta ji. Babura ne, da yawa, suna bin gaɓar da ke damansu, kuma gaba kaɗan akwai kwanar da kainuwa ta cushe, dole jirgi ya raɓi gaɓa kafin ya wuce.

Namadi ya kashe inji. Ya sa hannu ya jawo su cikin doguwar ciyawar da ta fi tsawon mutum, ya kwanta rubda ciki. Baburan suka tsaya. Ba ta ga kowa ba, muryoyi kawai take ji, kusa ƙwarai, kamar daga ɗakinta zuwa ɗakin Mariya. Wani yana wanke fuska yana kurkure baki. Wani ya ce shi fa ya ji ƙarar inji. Wani ya yi dariya.

Albashir ya fara nishi. Bunyaminu ya matso ya rufe masa baki da tafin hannu, ya kafa goshinsa a kan nasa. Sauro ya sauka a fatar idon 'Yar Baba, tana ji yana sha, ba hannun korewa. Jarkar mai na jingine da bayanta, ta san harsashi ɗaya ya ishe su. Sai aka yi harbi uku cikin ciyawar, haka nan dai don a gani. Ɗaya ya yanke kara a saman kanta, karan ya faɗo kan mayafinta. Tsuntsaye suka tashi. Ta ji zaninta ya yi ɗumi, sai daga baya ta gane fitsari ne ya kufce mata. Hannunta dai bai motsa ba.

Da baburan suka yi nisa Namadi bai tada inji nan da nan ba. Ya bar ruwa ya ja su har suka wuce kwanar, sannan ya ja igiya.

A nan ne Albashir ya fara roƙon ruwa. Mama yake ce mata, irin ta mutanen gabas. Ya ce ko ɗigo ɗaya ne, ya ce don Allah, ya ce don Annabi. Leɓensa sun bushe sun yi fari, ga ruwa ko'ina, yana bugun katako dab da kunnensa. Ku sani 'Yar Baba tana da randa a ƙofar gida da moɗa a kai, ko wanda ba ta shiri da shi ba ta taɓa hana shi sha ba. Kuma ta zauna a kan masu jinya da yawa, ta san in mutum ya zo tafiya ruwa ake ɗiga masa. Ta duba Bunyaminu ko zai sassauta. Ya girgiza kai.

Ta ce wa saurayin, “Ka yi haƙuri ɗana. In munka kai, ni da kaina ni dama maka hura.”

Don ta ɗauke masa hankali ta shiga tambayarsa. Uwarsa na da rai? Tana da shi. Me take yi? Ƙuli-ƙuli. Ya yi aure? Bai yi ba, amma akwai wata. Ta ce wace mara rabo ce wannan, ya yi ɗan murmushi.

Tana cikin haka ta lura da ruwan da ya taru a ƙasan jirgi. Ja ne, kuma jan ba daga wajen hannunta yake fitowa ba. Ta bi shi da ido. Bunyaminu ya koma ya jingina da buhun kalwa, ya miƙe ƙafa, hannunsa na dama dafe da haƙarƙari ta ƙarƙashin rigar ƙarfensa. Farin buhun ya rine tun daga tsakiya har ƙasa.

Ba ta yi shawara ba. Jikinta ne ya tashi da kansa, hannun hagu ya bar na dama. Nan take jini ya tsarto tsakanin yatsunta har haɓarta.

Ya daka mata tsawar da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ta mayar da hannun ta danna. Tsawar ta ci masa ƙarfi, ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya kwance rigar ya duba da kansa, kamar yana duba na wani. Ƙaramin rami ne, ƙasan haƙarƙari, inda rigar ba ta rufe ba. Tun kifewar nan da ya yi a fili.

Ta ce ya matso kusa ta raba hannun, ɗaya nan ɗaya can. Ta ce Namadi ya bar inji ya zo ya riƙe. Namadi ya ce akwai wani gari gaba kaɗan mai kemis, su tsaya. Duk ya ƙi. Kemis ba shi da jini, in an kashe inji su biyun za a rasa, hannu ɗaya kuma ba ya tsayar da irin wannan jijiya.

Ya ce, “Nau ciki yake zuba, Inna. Ko hannu goma kinka sa ba su kai wurin. Nashi waje yake, naki na kai.”

Ta ce, “Ba ka sani ba. Allah ka sani.”

“Allah ka sani. Amma aikina na, na gani ya hi sau ɗari.”

“To mi za ni ce ma Mariya?”

Ya tura sauran ƙyallen da ya rage cikin nasa ramin, ya rufe ido.

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin 'Yar Baba ta tsani yaron da ke ƙarƙashin hannunta. Ba ta san ubansa ba, ba ta san ƙofar gidansu ba, yau ta fara ganinsa. Wancan kuwa ita ta riƙe wa Mariya kafaɗa ranar haihuwarsa, a bayanta ya yi barci sau ba adadi, tsakaninsu yanzu bai fi taku biyu ba. Ta ce a ranta, in na saki wa zai ce na saki? Tsohuwa ce, hannu ya gaji. Gwiwoyin hannunta na karkarwa, kafaɗunta kamar an zuba barkono, yatsun sun daina jin komai. Ta kalli lokacin da aka rubuta a goshin Albashir, ba ta iya karanta boko ba, amma ta ga yadda rubutun ya karkace, ta gane tun a lokacin hannun mai rubutun na rawa. Ta ƙara dannawa.

Rana ta take tsaka. Suka wuce masunta biyu a ƙaramin kwalekwale, suka wuce shanu na shan ruwa, duniya na ta harkarta. Bunyaminu ya ce sanyi yake ji. Namadi ya tuɓe rigarsa da hannu ɗaya ya jefa masa. Can ya tambaya ko an fara hango gada. Namadi ya ce saura kaɗan, alhali da saura.

Ya ce, “Inna, tsoro nike ji.”

Ta ce, “Ni ma.”

Ya roƙe ta ta yi masa hira, kowace iri, kada dai a yi shiru. Ta rasa ta inda za ta fara, sai ta kama labarin unguwa. Akuyar Fadimatu da ta shiga masallaci ta cinye takardun sanarwa. Rigimar da ake yi kan kwatar da ke bi ta ƙofar mai unguwa. Yadda Hamdiyya matarsa ta zo sayen daddawa shekaranjiya ta tsaya tana zaɓe kamar mai sayen zinariya. Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi. Tana magana tana zungurar Albashir da gwiwa duk sa'ad da idonsa ya fara lumshewa.

Sai Bunyaminu ya buɗe ido ya ce, a hankali ƙwarai, “A ba ni ruwa.”

Ta buɗe baki za ta ce ai kai ka hana. Ta dubi fuskarsa, ta rufe bakin. Shi da ya ce wanda za a yi wa aiki ba a ba shi ruwa, ya san abin da yake roƙo.

Ga gwangwanin da Namadi ke kwashe ruwan jirgi da shi, yana birgima kusa da ƙafarta. Ita ba hannu. Namadi na can baya riƙe da inji, wurin kuwa duwatsu ne a ƙarƙashi, ko kai ba ya iya juyawa. Ta kalli gwangwanin, ta kalli hannayenta, hawaye na sauka kan wuyan hannun ba mai sharewa.

Albashir ne ya miƙa hannunsa da ba a sa wa allura ba. Ya lalubo gwangwanin, ya zura shi ta bakin jirgi ya ɗebo. Kafin ya kai, fiye da rabi ya zube a ƙirjinsa. Ya wuce da shi ta gaban nasa busasshen bakin, bai tsaya ba, ya miƙa iya tsawon hannunsa. Bunyaminu ya sunkuyo ya kurɓa sau biyu. Gwangwanin ya faɗi.

Ta fara masa kalmar shahada, da ƙarfi don ta rinjayi ƙarar inji. Ya bi ta sau ɗaya har ƙarshe. Na biyu leɓensa kawai suka motsa. Na uku ita kaɗai ta yi.

Idonsa a buɗe ya tsaya, yana kallon wajenta. Ba ta da hannun rufe masa. Haka suka yi sauran tafiyar, fuska da fuska. Ƙuda ya zo ya sauka a gefen bakinsa, ta yi ta hura iska daga inda take, ba ta kai ba. Ledar ƙarin ruwa ta ƙare ta manne. Albashir ya daina amsawa, sai ta koma zaginsa irin na kaka, ta ce masa rago, ta ce masa mai kunnen jemage, ta ce in ya kuskura ya mutu bayan wannan wahala ba za ta yafe masa ba duniya da lahira. Bugun da ke ƙarƙashin yatsunta ya yi rauni har sai ta riƙe numfashi take jinsa. Amma yana nan.

A gadar Tuga motar asibiti na jira da sojoji. Wani likita ya diro cikin jirgi da takalmansa, ya duba goshin Albashir, ya duba agogo, ya ɗora hannunsa kan nata ya ce ta saki. Ta ce ta saki. Ya sake cewa ta saki. Hannun ne ya ƙi. Sai da wani soja ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da aka ɗauke saurayin ta ja gwiwa zuwa wurin Bunyaminu, ta rufe masa ido da bayan hannu, don yatsun ba su miƙuwa.

Labari ya riga ta isa gida. An yi jana'iza bayan la'asar, sojoji suka zo da mota biyu, unguwa ta cika. A al'adarmu maƙwabciya ita ce farkon shiga gidan rasuwa, ita ke ɗora tukunya, ita ke zama kusa da uwar mamaci. 'Yar Baba ba ta shiga ba. Ta wuce ɗakinta ta ja labule, tana jin kukan Hamdiyya ta kan katanga. Namadi ya ba da labarin a tasha yadda ya faru, labarin kuma ya shiga gidaje ya canza kama. Wasu suka ce ta yi jarunta. Wasu suka ce da ta danne na ɗan maƙwabciyarta da ya kai asibiti, Fadimatu ma ta faɗa a bakin rijiya cewa ita dai ba ta ga yadda za a bar na gida a riƙe bare ba. Duk ya dawo kunnenta. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, ko cokali ba ta iya riƙewa.

Ranar sadakar uku da hantsi ta ji an yi sallama. Mariya ce, ta baro tabarmar karɓar gaisuwa da mutane a kai, abin da ba a yi. Ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta rame, idonta ya bushe. Suka gaisa kamar kullum, lahiya lau, ya haƙuri, haƙuri sai ma'abocinsa.

Mariya ta tambaya ko ya samu ruwa. Ta ce ya samu. Ta tambaya ko ya yi kalma. Ta ce ya yi, har ƙarshe. Ta tambayi wancan yaron. Ta ce an ce yana Birnin Kebbi, an yi masa aiki, ya farfaɗo.

Mariya ta ce, “An ce yac ce kak ki ɗaga.”

“Haka yac ce.”

“Kin ɗaga?”

“Sau guda. Da nig ga jininai. Yai mini tsawa, nim mai da.”

“Daga nan hwa?”

“Ban ƙara ba, Mariya. Ina kallonai, ban ƙara ba.”

Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai biyo. Mariya ta daɗe tana kallon hannayen da ke kan cinyarta a dunƙule, sun kumbura, akwai sauran baƙi a ƙarƙashin farce. Ta tashi ta fita. 'Yar Baba ta ce a ranta shi ke nan, shekara arba'in ta ƙare. Ba a jima ba Mariya ta dawo da ruwan ɗumi a kwano da man kaɗe a murfin gwangwani. Ta ja kujera 'yar tsugune, ta kama hannun dama ta tsoma, ta fara wanke ƙarƙashin farcen da tsinke, ɗaya bayan ɗaya.

Albashir ya rayu, amma ƙafar ta ɗingishe, aka sallame shi daga soja ya koma Gombe, an ce ya auri yarinyar. Biyun da aka ja bayan suri, ɗaya ya tashi, ɗaya bai kai ba. Namadi ya bar bin layin iyaka, yanzu tsakanin Tuga da garuruwan kusa yake ɗaukar shinkafa. Hamdiyya ta gama takaba ta koma gidansu a Kamba. 'Yar Baba ta bar daddawa, don yatsu biyu na hannun damanta ba su sake miƙewa ba, jikarta ke yi, ita kuma tana gaya mata yawan gishiri. Mariya kuwa har yau, in hantsi ya yi, takan zagayo da murfin man kaɗenta, ta zauna a inuwar katanga ta murza mata su.